Jarrabawar Auta ta Biyar

Litinin, 3 ga Fabrairu

Auta ta ƙwace mini teburin falo. Na dawo daga ɗan zagayen safe na tarar da littattafai uku masu kaurin bulo a inda nake ajiye jarida, ga kalkuleta, ga takardu birjik. Ta ce kamfanin inshorar da take wa aiki ya ba ta hutun karatu, duk Litinin da Alhamis, har zuwa Afrilu.

Na ce, ke da kika gama digiri shekara huɗu da suka wuce, wane karatu kuma? Ta ce, "Baba, ai na sha gaya maka." Gaskiyarta. Ni ne ban taɓa tsayawa na ji ba. Duk wanda ya tambaye ni aikinta sai in ce akanta ce, don in huta da dogon bayani.

Ashe ba akanta ba ce. Wai akcuwari take son zama. Sai da na sa ta maimaita sau biyu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yau na zaunar da ita na tambaya dalla-dalla. Su ne masu yi wa kamfanonin inshora da na fansho lissafin abin da bai riga ya faru ba. Motoci nawa za su yi karo a shekara, gidaje nawa za su kama da wuta, wanda ya yi ritaya irina zai shekara nawa yana karɓar fansho. Digirin lissafi da ta yi ƙofar shiga ce kawai. Bayansa akwai jarrabawa sama da goma, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba jami'a ke shirya su ba, ƙungiyar masu sana'ar ce. Kana aiki kana rubutawa. Sannan shekarun aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, sannan kwas a kan riƙon amana. Wasu su gama a shekara bakwai, wasu goma, wasu su gaji su bari.

Ta ci huɗu. Ta biyar ta kayar da ita sau biyu. Wannan ne karo na uku, kuma idan ta sake faɗuwa za a cire ta daga sashen a mayar da ita teburin karɓar koken jama'a. Ummansu ta san duk wannan. Ni kaɗai ne baƙo a gidana.

Shekara talatin da huɗu ina koyar da lissafi a sakandare. Na ce mata kawo tambayar da ta fi ba ki wuya in gani. Ta miƙo mini, tana wani ɓoye murmushi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tambaya ɗaya. Shafi uku na ɓata. Ban je ko'ina ba. Na ce mata tabarau ne ke damuna.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na je karɓar maganin hawan jini wurin abokina Mai Kemis, na ba shi labari. Ya ajiye ledar maganin ya dube ni ta saman gilashi. Wai, "Malam, wannan ai duba ne da kalkuleta. Yarinya za ta zauna ta lissafa ranar mutuwar mutane?" Na yi dariya, amma maganar ta biyo ni har gida.

Da rana na kawo wa Auta ita kamar tawa ce. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Baba, ba wanda ya san ranar kowa sai Allah. Mu ba mu san wane ne ba. Nawa ne cikin dubu, shi kawai muke ƙiyastawa, don kada kamfani ya yi wa marayu alkawarin da ba zai iya cikawa ba."

Ta ƙara da cewa shi ma Mai Kemis ai ya san kwalin maganin mura nawa zai saro idan sanyi ya shigo, amma bai san wa zai fara atishawa ba. Zan kai masa wannan ranar da na koma. Zan ce ni na yi tunaninta.

Talata, 25 ga Fabrairu

Auta tana ofis, na buɗe littafinta mai shuɗin bango. A ƙarshensa akwai jadawali, shekaru a jere daga sifili har ɗari da ɗoriya, kowace shekara da lambarta a gefe. Na ce ba zan duba tawa ba. Na duba.

Cikin maza dubu masu shekara sittin da shida, ashirin da biyu ba za su ga sittin da bakwai ba. Haka jadawalin ya ce. Abin mamaki, ba tsoro na ji ba. Tambaya ce ta taso mini: wa ya ƙirga? Daga ina suka samo ashirin da biyu, me ya hana ta zama talatin?

Duk da haka yau na sha maganina a kan lokaci. Ummansu har ta tambaya ko lafiya.

Laraba, 5 ga Maris

Na ciro hoton ajinmu na kwalejin horar da malamai daga ƙasan akwati. Mu arba'in da ɗaya ne, duk muna wajen shekara ashirin da biyu, duk da ƙoƙarin gemu. Bisa jadawalin Auta, kamar talatin ya kamata su kawo yanzu. Zan gwada shi da kaina. Na yi layi uku a takarda: yana nan, ya rasu, ban sani ba.

Ummansu ta ce mutane na neman abin yi bayan ritaya, ni ƙirga matattu na samu. Na ce bincike ne. Ta ce to a bincika a hankali, katin waya ba a rijiya ake ɗebo shi ba.

Jumma'a, 14 ga Maris

Kwana tara ina buga waya. Ashirin da bakwai muna nan. Goma sha ɗaya sun riga mu. Uku ba wanda ya san inda suke.

Dogo, wanda muka yi gado sama da ƙasa da shi, ya rasu shekara biyu ke nan ban ji ba. Matarsa ce ta ɗauki wayar. Na yi ta'aziyyar da ta makara. Shi kuwa Sarkin Barci, da kowa ya ɗauka ba zai kai arba'in ba saboda taba, yana nan garau, mun yi awa guda muna dariya.

Na kai wa Auta sakamakona da alfahari, na ce jadawalinku ya kuskure da uku. Ta ce arba'in da ɗaya sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Sai ta ɗora yatsa a kan layi na uku. "Waɗannan da ba ka sani ba fa, Baba? Ka jefar da su ne ko ka ƙirga su?" Na ce ban yi tunani ba. Ta ce babi guda ne a jarrabawarta, yadda ake yi da mutanen da suka ɓace wa lissafi a tsakiyar hanya. Ta yi mini bayani kusan rabin awa, idonta na ƙyalli. Ban gane rabi ba. Amma na gane yarinyar nan ta san abinta.

To me ke kayar da ita?

Litinin, 17 ga Maris

Na ce ta zauna ta yi tsohuwar jarrabawa a gabana, awa uku cif, ni in riƙe agogo. Lissafin ya fi ƙarfina, amma gadin jarrabawa ba wanda zai nuna mini. Na ɗauke wayarta, na hana Ummansu wucewa ta falo.

Tambaya tara ce. Na zauna a gefe ina kallon hannunta. Ta farko, minti ashirin. Ta biyu, ashirin da biyar. A ta uku ta maƙale. Minti arba'in tana kanta. Ta yi kuskure a layi ɗaya, maimakon ta ja masa layi ta ci gaba, sai ta juya sabon shafi ta faro daga farko, da rubutu mai kyau kamar za a rataye shi a bango. Duk amsar da ta samu sai ta sake bin ta sau biyu. Da na ce lokaci ya cika, tambaya uku ko karanta su ba ta yi ba.

Mun duba da takardar amsoshi. Shidan da ta yi, kusan babu kuskure. Amma shida cikin tara ba ta isa ba idan aka ɗan rage maki nan da can.

Na ce, me ya hana ki tsallake ta ukun? Ta dube ni da mamaki na gaske. "Baba, ai ba a barin tambaya sai an gama ta."

Na san muryar wanda ya faɗi haka.

Talata, 18 ga Maris

Tana 'yar shekara tara na yaga mata shafin aikin gida saboda ta yi goge-goge. Na sa ta sake shi sau uku. A wannan teburin. Ina ganin tarbiyya nake yi, kuma duk ɗalibaina haka na yi musu. Ummansu ta tuna, har launin rigar da ke jikinta ranar. Ta ce, "Yanzu ka gani?" Ta ci gaba da yankan albasa.

Alhamis, 20 ga Maris

Sabuwar doka. Kowace tambaya minti ashirin. Idan ya cika in buga tebur in ce "Wuce!", ko tana tsakiyar layi. Kuskure kuma a ja masa layi ɗaya a ci gaba.

Karon farko da na buga ta ƙi sakin biron. "Saura kaɗan, Baba." Na ce wuce. Ta wuce tana huci. A ta biyar har da ƙwalla. Ta ce ji take kamar ta bar yaro a tasha. Na ce za ki dawo ki ɗauke shi idan lokaci ya ragu.

Ni ma da na ga shafin duk zane-zane, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na zauna a kansa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Tara cikin tara yau, da saura minti huɗu. Takardar kamar kaji sun yi dambe a kai. Makin ya haura na da nesa ba kusa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na raka ta har ƙofar cibiyar jarrabawar, duk da ta ce ba sai na zo ba. Hawa na biyu ne a wani dogon gini, ana duba katin shaida, ana karɓe jaka da waya, har kalkuleta sai an juya bayanta an duba. Na ga masu furfura a layin, ɗaya da zoben aure da tumbi, yana ta motsa baki. Na zauna a bencin mai gadi awa uku da rabi.

Ta fito fuska a kumbure. Ta ce ta bakwai ta gagare ta, ta tsallake kamar yadda muka saba, lokaci bai ragu ba, ta bar ta fara fat. "Ban taɓa miƙa takarda da fili a ciki ba." Muka shiga mota muka dawo gida.

Idan ta faɗi, shawarata ce. Na farko ni na ɗaure ta, na biyu ni na kwance ta a inda bai dace ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Teburin ya dawo hannuna. Jarida ba ta da daɗi. Sakamako sai tsakiyar Yuni.

Na kai wa Mai Kemis maganar maganin mura. Ya ce ba ni na yi wannan tunanin ba.

Talata, 17 ga Yuni

Ƙarfe goma da 'yan mintuna Auta ta bugo daga ofis. Na ji hayaniya a bayanta, na kasa gane kuka take ko dariya. "Baba, na ci." Na ce to madalla, na ce Allah ya ƙara basira, na miƙa wa Ummansu wayar na shiga ɗaki neman abin da ban san ko mene ne ba.

Da ta dawo da yamma na so in yi maganar shafin nan da na yaga. Na fara, "Lokacin da kina ƙarama..." Ta ce, "Baba, shayinka zai huce." Muka bar ta a nan. Ina jin ta ji.

Lahadi, 29 ga Yuni

Littattafan ta shida sun iso, sun fi na baya kauri. Tsofaffin ta ce za ta ba wata a ofis, na ce ta ɗan dakata da na farkon, na lissafin yiwuwa, akwai abin da nake dubawa.

Jiya na yi tambaya goma na ƙarshen babi na ɗaya. Ta gan su a kan tebur, ta ɗauki jan biro ba tare da ta tambaye ni ba. Huɗu cikin goma. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni ta fara daga ta biyu, a hankali, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Da na sake kuskurewa cewa ta yi, "Ka kusa, sake duba nan." Ban san a ina ta koyi koyarwa haka ba. Ba a wurina ba dai.

Ba wai zan rubuta wata jarrabawa ba ne. Ina ni ina layi da katin shaida. Na dai tambaye ta ko ƙungiyar tasu ta sa iyakar shekaru. Tambaya ce kawai.

Babi na biyu gobe, bayan na dawo daga zagaye.