Fatihar da Na Nema wa Bilal

Daren Alhamis, Bici. Kwana bakwai da rasuwar ɗana Sadiq.

Yau aka yi addu'ar bakwai a ƙofar gida. Na daure, ban zubar da hawaye a gaban mutane ba.

Da safe na roƙi Yaya Malam ya sa Bilal cikin addu'a, Bafalasɗinen da ya yi wa ɗana wanka a ƙasar da suke karatun likita.

Ya ce, "Mai fasfon Isra'ila? Haba Usman! Muna nan muna alƙunutu, shi yana cin tuwonsu?"

Na gaya masa abin da Bilal ya faɗa mini ta waya. Kakanninsa ba su bar garinsu ba, ƙasar ce ta sauya hannu suna cikinta. Wansa ya fita zanga-zanga aka tsare shi. Mahaifinsu kuwa ƙuri'a yake kaɗawa, yana ganin kujera a majalisa ta fi ihu a titi. Yanzu ko gaisawa ba sa yi, kuma kowannensu matsoraci yake kiran Bilal.

Yaya ya ce, "Allah ya shirye su," ya tashi.

Ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Amma da ya kammala addu'ar bai ambaci yaron ba, sai na ɗaga murya na nemi a yi wa Bilal Fatiha. Aka yi. Yaya ya shafa, ya tafi bai ci abinci ba.

Gobe da sassafe zan je in durƙusa in gaishe shi. Zan ba shi haƙuri kan ɗaga murya. Fatihar kuwa, ba zan janye ta ba.