Bawul ɗin Bayan Kunne

Asabar

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya maigida da yara? Mu nan sai godiya. Na ɗauki biro ne don ke a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zance.

'Yata, takwararki, ta cika sati shida da aikin tiyata. Kin tuna yadda kanta ya yi ta girma har hular da kika saƙa mata ta ƙi shiga. Ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa ya rasa hanyar fita. Abin da suka yi mata, Yaya, aikina ne sak. Siririn tiyo suka zura daga kai, ya bi ƙarƙashin fata ya sauka cikinta, da ɗan bawul mai daidaita fitar ruwan a bayan kunne. Da likitan ya fara dogon bayani na ce ya huta, shekarata ashirin da uku ina gyaran famfo, benaye nawa na ja wa ruwa ba da digirin kowa ba.

Farkon satin nan aka yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Maganin barci aka ba ta, aka tura ta cikin wata na'ura mai baki kamar na tanki, mai ƙara kamar ana fasa kankare. Likitan, yaro ne da na kusa haifa, ya jera mana hoton kafin aiki da na yanzu a kwamfuta. Akwai ramuka biyu baƙaƙe a tsakiya, nan ruwan yake. Na ƙura ido, da ƙyar suka ragu. Shi wai ya gamsu, wai ba a so su motse da sauri, tunda tana ci tana wasa. Uwarta har da hawayen murna.

Ni ban gamsu ba. Tankin da aka buɗe wa hanya sati shida bai sauka ba, ai layin ya sha iska ya toshe. Na lalubo bawul ɗin, ashe yana dannuwa, ya lotsa ya dawo. Yanzu kullum da safe in uwarta ta shiga wanka ina danna shi sau ashirin, da yamma ma haka. Ban gaya mata ba, kin san ta da tsoro. Hoto na gaba zai nuna wanda ya san ruwa.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Sarkin Famfo

Talata

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Ki yi haƙuri da shirun sati uku, daga asibiti nake rubuto miki.

Tun Juma'a takwararki ke amai. In an zaunar da ita sai ta tsandara kuka, in an kwantar ta yi lif. Hannunta na hagu ya daina riƙe cokali. Aka sake hoto. Ramukan nan sun motse sun zama kamar tsagar ƙofa, har zuciyata ta fara murna kafin in ga fuskar likitan. Ya nuna mana wani layi mai kama da jinjirin wata tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙashin kai. Jini ne. Ruwan ya zube fiye da kima, ƙwaƙwalwar ta janye daga ƙashi, ƙananan jijiyoyi suka tsinke.

Ya tambaya ko ta faɗi, ko wani na taɓa wurin. Uwarta ta fashe da kuka, ta ce ran nan da take sauke ta daga goyo kanta ya ɗan bugi gefen katifa. Katifa fa, Yaya. Ina tsaye da hannuwana a aljihu na bar ta ta ɗauki laifin.

Likitan ya ce wannan ba zai jawo haka ba, don haka bawul ɗin ne ke zubar da ruwa da yawa. Jibi Alhamis za su sake buɗe kanta su canza shi. Na laluba jakar takardunta na ga wadda aka ba mu ranar sallama. Layi na uku ya ce kada kowa ya danna bawul ɗin. Ni na ninke ta da hannuna ban karanta ba.

Bawul ɗin lafiyarsa lau, ni na sani. Amma duk sanda na tashi in je ofishin likitan sai ƙafata ta kai ni bakin taga. Kada ki kira uwarta tukuna.

Ƙanenki

Laraba

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Na faɗa.

Da hantsi nas ta kawo takardar amincewa da tiyata, wata kuma ta zo da reza za ta aske gefen kan da gashin bai gama tsirowa ba. Na riƙe biron na kasa. Na ce a kira likita, a gaban uwarta na faɗi komai, har da lissafin sau arba'in a rana.

Na zaci zai wanke ni tas, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Tambaya kawai ya yi, tun yaushe, kuma yaushe na daina. Ya rubuta. Ya ce an ɗage aikin, za ta kwanta kwana goma a gabansu a sake hoto. In jinin ya ragu ta tsira daga wuƙa, in ya ƙaru dole a shiga a kwashe shi.

Uwarta ta miƙe. Ta ja kujerarta ta koma gefen gadon da kunnen mai bawul yake.

Ki taya mu da addu'a.

Ƙanenki

Asabar

Zuwa ga Yayata,

Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da mutanen gida. Saƙonki ya iso, kuma duk abin da kika kira ni na karɓa.

An yi hoton yau da safe. Minti arba'in ina zaune a benci ina jin ƙarar na'urar ta bango. Da likitan ya juyo mana da kwamfutar na ce masa ni ban iya karanta wannan ba, ya gaya min. Jinin ya ragu kusan rabi, ramukan sun ɗan buɗe. Ba za a yi aikin ba yanzu. Bayan wata guda a sake dubawa. Hannun kuma ya ce kada in tambaye shi alkawari, sai abin da gashin ƙashi da lokaci suka yi. Ɗazu ta damƙi yatsan nas da shi, ta saki.

Litinin za a sallame mu. Uwarta ta ce ba za ta sake shiga wanka ta bar min ita ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma mutum ɗaya ba zai iya tsaron yarinya dare da rana ba, uwar ta rame ta fita hayyacinta. Ke kaɗai ta yarda ta miƙa wa.

Na san ƙafarki, na san nisan. Ki zo, Yaya, ko na wata ɗayan ne. Zan jira ki a tasha.

Ƙanenki mai neman afuwa