Na'am Ɗaya Tak

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau aka kira mu makaranta. Malama Shibasaki, mai ajin yara masu buƙata ta musamman, ta ce ɗana Tomoharu bai cim ma burin bana ba. Burin kuwa ɗaya ne: a kira sunansa ya amsa da "Na'am". Shekara shida a firamare, abin da ake nema a bakin ɗana ke nan. Ta ce ranar bikin kammalawa kowane yaro sai an kira cikakken sunansa a babban zaure, ya miƙe ya amsa da ƙarfi. Wai gara a ba shi takardarsa a ofishin shugaba bayan kowa ya watse, "don kada ya takura". Shi ne zai takura ko su?

Baban Tomo ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, yana ba da haƙurin ɗawainiyar da muka ɗora musu. Na ji kamar in shaƙe shi. Na ce a zaure ɗana zai tsaya, kuma zai amsa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na kafa doka. Kafin kowane abinci zan tsaya kamar malama in kira "Kuze Tomoharu". Ba amsa, ba shinkafa, sai ta huce.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Shiru. Yana dai kwaikwayon kukan jirgin ƙasa a maƙogwaro kamar yadda ya saba, yana kallon kwano. Uban ya ce, "Maman Tomo, bar shi ya ci mana." Na ce wanda ya iya sunkuya wa mutane ya ci gaba da sunkuyonsa, ya bar ni da aikina.

Talata, 4 ga Maris

Ya daina kukan jirgin. A da ina cewa yana hana ni sakat.

Litinin, 10 ga Maris

Malama ta tare ni a ƙofar makaranta. Wai yanzu da an ambaci sunansa a aji sai ya toshe kunnuwa. Ta tambaye ni ko wani abu ya canza a gida. Na ce babu. Ita da ta shekara ba ta ciro kalma ɗaya daga bakinsa ba, ni za ta tuhuma?

Da yamma na same shi cikin kabad ɗin da muke ajiye katifu, ya ja ƙofa.

Laraba, 19 ga Maris

An yi bikin. Na sa wa Tomo baƙar kwat ɗin da na ara wurin yayata. Yaro bayan yaro, "Na'am", "Na'am", har zauren na amsawa. Da aka zo kansa ya miƙe, wannan kam ya koya, sai ya sa hannu biyu ya toshe kunnuwa. Malama ta jira, ta ƙara jira, sannan ta kama gwiwar hannunsa ta kai shi gaban shugaba. Ita ta karɓi takardar, don ya ƙi sauke hannu.

A waje wata uwa ta ce min, "Kin yi ƙoƙari." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Uban kuwa ya bi layin malamai yana sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Yau na ƙyale shi, don na ga idonsa ya yi ja.

Alhamis, 20 ga Maris

Ba makaranta. Na zuba wa Tomo shinkafa da miyar miso ta waken soya, na zauna. Bai taɓa ba. Ya toshe kunnuwa yana kallon bakina, yana jiran in kira.

Ban kira ba. Ba don komai ba, maƙogwarona ke ciwo. Na tura masa kwanon na fara cin nawa.

Sai da miyar ta huce ya sauke hannu ɗaya ya ɗauki cokali. Ɗayan yana kan kunnensa har ya gama.