Ka Ɗauki Jar Motar

Auta,

Na leƙa ɗakinka kana barci, na kasa tashinka. Gara takarda, ita ba ta zumɓura baki.

Jiya a wajen dillalin motoci ban kyauta ba, na sani. Kana shafa 'yar jar motar nan mai kama da takalmin gudu, ni kuma ina ta wa'azin jif: ga tsayi, ga ƙarfi, ba ruwanta da rami. Da ka ce, "Baba, wurin aiki zan je, ba farautar giwa ba," dillalin ya yi dariya, sai na kira ka marar hankali a gaban mutane. Wannan kam ka yi haƙuri.

Amma ai ka ga yadda na shiga taka ɗin. Gwiwa a haɓa, hula a ƙasa, sai da ku biyu kuka jawo ni kamar buhun da ya maƙale a ƙofa. Wanda ya ƙera ta, da alama maraya ne.

Ka je ka ɗauki jar, kai za ka tuƙa. Ka sa bakanike ya duba birki kafin ka sa hannu, kada ka yarda da rantsuwar dillali.

Makullin tawa na kan firij, ka kai mamanka kasuwa. Ni bas zan hau. Likitan ido ya hana ni tuƙi tun watan jiya. Duk wadda ka saya, kujerar mai zaman banza ce tawa.

Babanka