Rigar Da Ba Dorina

Illo, ranar Lahadi

Yaya Dela,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafarki ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya a Kamba.

Sai da na warware rigar da aka kawo mini na gane abin da ya faru. Sojoji biyu suka zo daga Bagudo da jaka, suka ce kayan mijina Bunyaminu ne, an binne shi can inda aka yi musu kwanton ɓauna. Na duba kafaɗar rigar, sai na ga bajo mai hoton kunama.

Yaya, bajon bataliyar su Bunyaminu dorina ce, da mashi biyu a gicciye kan jan ƙyalle. Ni na ɗinka masa shi da baƙin zare, yana zaune yana yi mini bayani. Ya ce sojojinsu na farko mutanen bakin kogin Kwara ne, shi ya sa suka zaɓi dorina, don ba ta barin ɗanta a baya. Jan kuma na kakanninsu ne da ba su dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa ba.

Sojojin nan biyu sun miƙo takarda in sa hannu cewa na karɓi kayansa. Na ƙi. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san dorina, na san kunama.

Ƙanwarki,
Shafa'atu

Illo, ranar Alhamis

Yaya Dela,

Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci. A gaida Inna.

Baba Malami, surukina, ya ce in sa hannu a rufe magana, jayayya da hukuma ba ta dawo da mamaci. Ban ce Bunyaminu yana da rai ba. Na shiga takaba, ina kuka kamar kowa. Amma wa aka binne da sunansa?

Jiya na ga sunan wani a rubuce a cikin wuyan rigar: Kehinde. Ɗinkin bajon ƙanana ne a jere, hannun mace ne. Tana can wani gari, ko an kai mata dorinata, ko ba a kai mata komai ba.

Sojojin sun dawo, na gaya musu su da ke ɗauke da dorina a kafaɗa su cika abin da take nufi. Babbansu ya sunkuyar da kai.

Na wanke rigar, na ninke. Ba ta koma ga mai ita ba tukuna, ba a nuna mini inda mijina yake kwance ba, ni kuma ban sa hannu ba.

Taki har kullum,
Shafa'atu