Ƙasar da Ban Haƙa da Hannuna Ba

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, tare da dukkan masu karatu. Ina fatan wasiƙata ta same ku lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin kowa ya yanke mini hukunci ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, shawara nake nema.

Ni ma'aikacin binciken ƙasar noma ne. Aikina in haƙo ƙasar gona, in kai ɗakin gwaji, in faɗi ƙarfinta, da yawan kanwar da ke kwance a cikinta, da ko za ta jure ban ruwa shekara da shekaru. A irin aikinmu ba a auna mutum da gumin da ya zubar a gona. Ana auna shi ne da muƙalun da ya buga a mujallun masana, da yawan waɗanda suka kafa hujja da su a nasu rubutun. Wanda ba a ambatonsa, ko da a gona yake wuni kullum, ba a san da zamansa ba. Ni muƙala guda ce ta ɗaga ni, kuma ita ce yau ta hana ni sakat.

Abin ya faro ne a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, lokacin ana ta shata filayen noman rani tsakanin Kura da Bunkure. Aka ba ni babur, da ƙarfen da muke murzawa cikin ƙasa, da 'yan jakunkunan yadi, aka ce in ɗebo ƙasa daga kowane yanki. Ɓangaren Kura na yi shi tsakani da Allah, gona-gona, har hannuna ya yi kanta. Saura wani ƙauye ta wajen Bunkure wanda gonakinsa ke cikin kwari. Na isa can ana tsakiyar bazara, rana kamar ta fasa kai, ƙasa ta bushe ƙarau, ƙarfen ya ƙi shiga. Wani dattijo mai gona da 'yan shanu, zan kira shi Baba Jauro ko da yake ba sunansa ba ne, ya sauke ni a gindin tsamiya, ya sa aka damo mini fura da nono. To jama'a, ni da takardun digiri a akwati, fura ce ta kayar da ni. Na sha na ƙoshi, na dubi kwarin nan shimfiɗe har inda ido ya tsaya, na ji duk jikina ya mutu. Sai na ce, "Baba, ko za ka taimake ni? Ga jakunkuna, kowane mai gona ya cika ɗaya daga gonarsa, zurfin kamu guda. Jibi zan dawo." Ya ce, "Wannan ai ba aiki ba ne, Malam. Je ka huta." Ban ce masa daga tsakiyar gona ba, ban ce kada a zaɓa ba, ban ce komai ba. Na hau babur na koma Kano. Da na dawo na tarar da jakunkuna a jere a zaurensa, kowace an ɗaure bakinta tsaf, na rubuta musu lamba, na kai ɗakin gwaji a matsayin ni na haƙo.

Sakamakon ya ba kowa mamaki. Kwarin da ake tsammanin kanwa ta yi masa yawa, sai ga shi ya fi ko'ina ƙarfi, kanwar ma kusan babu. Ina da ilimin da zan yi shakka, wallahi ina da shi. Me ya hana ni hawa babur in sake haƙawa? Daɗi ne ya hana ni. Shugaban sashenmu ya riƙe takardar yana murmushi ya ce, "Malam, ka gano abin da ba wanda ya zata. Rubuta shi." Na zauna na ƙirƙiro dalilai masu kyau na yadda kwari zai zama haka, na rubuta cewa ni na haƙa kowane rami, aka buga. Daga nan katunan gidan waya suka fara zuwa daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba, masana na roƙon in aika musu kwafi. Wannan ya ambace ni, wancan ya kafa hujja da ni. Na sami wani gwangwanin biskit ina tara katunan, nakan buɗe in ƙirga su kamar mai kiwon kaji. Aka ƙara mini girma, abokan aiki suka fara ce mini "mai kwari", ni kuwa ina ta washe baki.

Bayan an buga ne na ce bari in je in yi wa Baba Jauro godiya, na riƙa masa goro. Na gaya masa har Turawa sun karanta labarin ƙasarsu. Ya yi dariya ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba mu ba ka kunya ba. Ai sai da na tara mutane na ce kowa ya ɗebo daga inda ya fi kyau. Ni daga mashekarin shanuna na ɗebo, inda suka shekara suna kwana. Wasu daga gindin gawo, wasu daga tsohon juji." Na ce, "Baba, duka?" Ya ce, "Duka mana. Baƙo ya zo har gida ya roƙi abu, kuma za a kai birni a duba, sai mu ba shi mara kyau? Ai ba a yi mana irin wannan tarbiyya ba." Ya faɗa ne yana alfahari, yana jiran in yaba. Kun san abin da na yi? Na ɓare goro na jefa a baki, na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Abin da na ce ke nan. Na dawo gida na ce wa zuciyata ai takarda ce kawai, wa za ta cutar?

Ashe takarda tana cutarwa. Duk filin da ake ba ruwa yana bukatar magudana, wato babban lambatun da zai janye ruwan da ya yi yawa, in ba haka ba ruwan ya kwanta a ƙarƙashi ya turo kanwa sama. Da aka zo tsara inda za a fara haƙa magudanu, sai aka buɗe muƙalata aka ce wancan kwari ba ya cikin gaggawa, ƙasarsa lafiyayya ce, a fara da wasu wurare. Ina zaune a ɗakin da aka faɗi haka. Na sunkuyar da kai ina wasa da biro. Rani na farko alkama ta yi kyau, na ce to Allah ya rufa asiri. Na biyu ta ragu. A na ukun nan da ya wuce na je da kaina, na ga gonar Baba Jauro ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari, alkamar tsilli-tsilli, ganyen ya yi rawaya, tumatir ya tsaya bai fi tsawon tafin hannu ba. Na dangwali ƙasar na sa a harshe. Ban bukaci ɗakin gwaji ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne manoman ake ɗora wa laifi. A gabana wani malamin gona, wanda Baba ya haifi kamarsa, ya tsaya yana yi musu faɗa. Yana cewa, "Ku ne ba ku iya ban ruwa ba, kuna sakin ruwan kanal kamar kuna wankan shanu. Takardar masana ta ce ƙasarku ba ta da matsala, ga ma wanda ya rubuta nan tsaye." Duk suka juyo suka dube ni. Dattawa masu furfura, waɗanda suka san kwarin nan tun kafin a haife ni, su ne suke jin kunya a kan ƙaryata. Na ce musu za mu duba. Wane irin mutum ne zai iya wannan? Ni dai na iya, har na ci tuwo a ranar.

Yanzu ga inda nake. Kafin a saki ruwan rani mai zuwa za a sake zama a kan wuraren da za a haƙa wa magudana, kuma shugabanmu ya ce in rubuto ɗan bayani in tabbatar kwarin zai iya ƙara jira. Ya ce, "Kai ne masanin wurin, kalmarka ta isa." In na tabbatar, ruwa zai sake kwanciya a gonakin nan, kuma a sanina ƙasar da kanwa ta ci sosai ba ta dawowa da wuri, wata ma ba ta dawowa a rayuwar mai ita. In na faɗi gaskiya, sai an rubuta wa mujalla an janye muƙalar, duk wanda ya kafa hujja da ni ya san a kan juji ya yi gini, shugaban da ya yarda da ni ya ji kunya, ni kuwa ban san ko zan sake riƙe jakar ƙasa da sunan aiki ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, mahaifina yana nuna wa baƙi mujallar da ba ya iya karantawa. Akwai kuma tsoron kada a juya magana a ce mutanen ƙauyen ne suka yaudari hukuma, alhali karamci suka yi. Na yi tunanin in ce kawai ƙasar ce ta canja daga baya, a haƙa magudanar ba tare da na tona kaina ba. Amma wa zai yarda ƙasa mai irin wancan ƙarfi ta lalace cikin rani uku? Sai dai a ƙara cewa manoman ne. Kuma muƙalar za ta ci gaba da yawo, wani a wata ƙasa ya bar nasa kwarin ba magudana saboda ni.

Ranar kasuwar da ta wuce Baba Jauro ya shigo motar haya ya zo har wurin aikinmu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tuɓe takalmi a bakin ofis, na ce ya shigo da su, ya ƙi. Ya ciro wani ƙulli daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan teburina, dab da gwangwanin katunan nan. Ya ce, "Malam, kai ka san ƙasarmu, sunanka ne a kanta. Ka duba mana ko mu ne muke kuskure, in mu ne mu gyara." Na kwance ƙullin, ƙasa ce fara, tana ƙyalli. Sai ya rage murya ya ce, "Ka yi haƙuri, wannan karon daga inda ya fi lalacewa na ɗebo. Na san ba irin wadda ake kawo wa mutum ba ce."

Haƙuri yake ba ni, jama'a. Ni yake ba haƙuri.

Ƙullin yana nan a kan teburin, takardar da shugabanmu ke jira tana gefensa, ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Na kasa kai ƙasar ɗakin gwaji don na san abin da za ta ce, na kuma kasa ɗauke ta daga gabana. Don girman Allah, masu karatu, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Me zan yi?