Hantar da Na Ajiye wa Baba

Gwaggo, ki taimake ni da amsa, ke da duk mai karanta filin nan: idan mutum ya kafa doka a gidansa, ya yi shekaru yana gasa wa ɗansa aya a hannu da ita, ranar da ta faɗo a kansa sai a ce babu ita? Don ya tsufa? Ina tambaya ne saboda yanzu a gidanmu ko gaisuwata ba a amsawa, sai ka ce kisan kai na yi.

Mu ba mahauta ba ne. Babana kafinta ne, amma bai taɓa yarda wani ya feɗe masa dabba ba. Rago ne, tunkiya ce, ko barewa da zomayen da Kawu ke kawowa daga farauta, duk a bayan gida ake rataye su a ƙugiyar da ke jikin ginshiƙin rumfa. Ya iya, ba zan hana shi ba. Zai tsaga fata daga ƙafar baya, ya ajiye wuƙa, ya dunƙule hannu yana turawa tsakanin fata da nama har ta sauko kamar an tuɓe riga. Ni kuwa aikina, tun kaina bai wuce teburi ba, shi ne riƙe ƙafa da tara roba.

Ga dokar: duk wanda ya fasa matsarmama, shi zai cinye hantar shi kaɗai. Ga wanda bai sani ba, wata 'yar jaka ce koriya manne da hanta, in ta fashe ruwanta ya jiƙa nama, ɗacinsa sai ya kai maka har ƙeya.

Sau ɗaya ya taɓa miƙo mini wuƙa, ina yaro. Hannuna ya zame, jakar ta fashe. Gwaggo, gasa hantar aka yi haka nan ba wanki, aka zaunar da ni a tsakar gida. Ina ci ina kuka, ina amai, yana tsaye a kaina yana cewa, “Cinye, Mai Littafi, ai wannan ma karatu ne.” Inna tana gefe tana wanke hanji, ko kai ba ta ɗaga ba. Daga ranar sunan ya bi ni, wuƙar kuma ba ta sake zuwa hannuna ba.

E, ina karatu, sai me? Makaranta ban yi nisa ba, ya cire ni ya sa ni goge katako, amma ko takardar da aka ƙunso ƙusa a ciki sai na karanta. Na karanta yadda cikin dabba yake, na san ana ɗaure maƙoshi kafin a zaro tumbi don kada ƙazanta ta dawo kan nama. A gidajen abokaina na feɗe dabbobi ba adadi, ba a taɓa samun huda a fatata ba. A gidanmu kuwa, da gemuna, riƙe ƙafa.

Yanzu hannunsa rawa yake yi. Shayi ma rabinsa a rigarsa yake ƙarewa. Fatun da ya feɗe kwanan nan duk sun zama rariya, kowa yana gani, kowa ya yi gum.

Rannan Yaya ta kawo mana ziyara da mijinta da abokansa, suka zo da rago. Baba ya buɗe ciki, ina riƙe da ƙafa ina kallon tsinin wuƙar yana rawa kusa da hanta. Na ce, Baba kawo in ƙarasa. Ya ce, “Riƙe ƙafarka, Mai Littafi, manya na aiki.” Bai rufe baki ba sai ga koren ruwa. Ya waiga hagu da dama, ya yi maza ya tura hantar ƙarƙashin kitse a cikin roba. Shi fa, mai doka! Na san in aka yanke gefen aka ɗauraye nan take, mafi yawanta za ta ciwu. Na yi shiru. Na ɗauke ta, na gasa ta da kaina yadda aka gasa tawa, na zuba a farantin baƙi, na dire masa a gaban surukinsa. Na ce, Baba ga rabonka, dokar gida.

Mijin Yaya ya miƙo hannu wai zai taya shi. Na janye farantin, na ce doka ta ce shi kaɗai. Baba ya cinye kuwa. Yanka yana faɗuwa daga hannunsa, yana tsinta yana mayarwa baki. Ni dai ban ga ya yi amai ba, to wa aka fi cuta?

Washegari na tarar da wuƙarsa da dutsen washi a bakin ƙofar ɗakina, naɗe cikin tsumma. Tun daga nan bai sake leƙa bayan gida ba. Kawu ya kawo barewa, na feɗe ta tas, babu huda ko ɗaya, amma da igiya na ɗaure ƙafar don babu wanda ya zo ya riƙe mini. Aka dafa, Baba ya ture naman gefe ya ci gayan tuwo. Yaya ta ce ni ba ɗan halak ba ne. Inna, wadda ba ta da baki ranar tawa, yanzu ta sami baki: ko in durƙusa in ba shi haƙuri, ko in nemi ɗaki a wani wuri.

Haƙurin me? Ni na kafa dokar? Kada ki amsa mini a ɓoye, Gwaggo. Ki buga a nan kowa ya gani, ki faɗi mai laifi, don a tsakar gida zan tsaya in karanta musu da ƙarfi.

Mai Riƙe Ƙafa

*

Ɗana, ka ce a fili, to ga shi a fili.

Abin da mahaifinka ya yi maka kana yaro zalunci ne. Ba a koya wa yaro aiki da amai, kuma shirun mahaifiyarka a ranar bai kyautu ba. Wanda duk ya ce maka wannan ba komai ba ne, bai faɗa maka gaskiya ba.

Amma kai ma ka karanta wasiƙarka. Da bakinka ka ce ka san yadda za a ceci hantar, ka yi shiru. Ka zaɓi farantin baƙi. Ka janye shi daga hannun wanda ya so ya rufa wa dattijo asiri. Wannan ramuwa ce da ka daɗe kana wasawa, ka jira sai da hannun mutumin ya fara rawa. Kai kuskuren yarinta ka yi, shi kuwa ciwo ne ya kama shi, kuma da ya tura hantar ƙarƙashin kitse, ciwon yake ɓoyewa. Ka tsani mutumin da ya tsaya a kanka kana kuka, sai ga shi ka tsaya daidai inda ya tsaya.

Ka tambayi wa aka fi cuta. Ba ni da ma'aunin wannan. Na dai ga ka sami wuƙar da kake nema, kuma igiya ce ke riƙe maka ƙafa.

Kada ka karanta wannan a tsakar gida, faranti na biyu ke nan za ka dire masa. Ka same shi shi kaɗai, ka ba shi haƙurin tozarta shi gaban baƙi, ba tare da “amma” ba. Maganar taka hantar ka faɗa masa wata rana dabam, a natse, don kana da haƙƙin faɗa. Mai yiwuwa ba zai amsa laifinsa ba, ka shirya wa hakan. Sannan ku kai shi asibiti, rawar hannu ba abin da ake yi wa gum ba ne. In Kawu ya sake kawo nama, ka ajiye kujera a rumfa, ka roƙe shi ya zauna ya duba maka aiki, ko zai ƙi sau nawa. Dokar nan kuma ta mutu a hannunka: hantar da ta ɓaci a yanke a yar.

Ke kuma Inna, in wannan ya iso gare ki, kin ga faranti biyu, ɗaya kawai kika yi wa magana. Ɗanki yana jiran jin bakinki a kan na farkon, kuma filin nan a buɗe yake.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sanyaya maka zuciya, ɗana.

Gwaggo